Ku dawo da kyamarar nan bayan biki: buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu shirya finafinan Hausa

Zuwa ga marubuta labari, furodusoshi da daraktoci, na Kano da Kaduna da Jos da duk inda kuke.

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Ni malama ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata a cikin garin Gombe. Bayoloji nake koyarwa, shekara 19 ke nan ina shan ƙurar alli. Idan kun ci karo da "ya" inda ya kamata a ce "ta" a wasiƙar nan ku yi mini afuwa, dama kun daɗe kuna tsokanarmu mutanen gabas cewa ba mu raba mace da namiji a Hausa. Zan dai kiyaye, tunda maganar yau ta mata ce.

Wani fim ne ya sa na ɗauki biro. Ba zan kama sunansa ba, don ba da mai shi nake rigima ba, kuma na san akwai irinsa da yawa a aljihun teburinku suna jiran kuɗin ɗauka. Ɗalibaina ne suka fara kawo mini labarinsa. Ranar ina zana musu zuciya a allo, da ɗakunanta huɗu da jijiyoyinta, su kuma can baya suna ta ƙus-ƙus a kan wata zuciyar daban. Da na tsananta tambaya aka ce gardamar fim ake yi. Wasu a YouTube suka gani, wasu yayyensu suka turo musu a waya daga wurin masu tura finafinai na bakin kasuwa. Da na koma gida na sa 'yata ta nemo mini, na kalla har sau biyu.

Labarin wata yarinya ce 'yar ajin ƙarshe, mai kai, 'yar talakawa, ba ta da buri sai na zama likita. Sai ga wani matashi ɗan kasuwa ya fara faka mota a ƙofar gidansu. Waya, turare, leda cike da kaji, waƙa a cikin lambu. Ana tsakar shirin jarrabawa ya ce zai turo magabata, amma fa ta zaɓa, ko shi ko makaranta. Yarinya ta sha kuka, ta yi istihara, ta mayar masa da wayarsa. Ba a daɗe ba 'yan sanda suka yi awon gaba da shi, ashe dukiyar duk ta damfara ce. Sai rubutu ya fito, "bayan shekara bakwai", ga ta cikin farar riga da abin awon ƙirji a wuya, uwa na share hawaye da gefen mayafi.

Ba zan hana ku haƙƙinku ba, aikin ya yi kyau. Yarinyar ta iya wasa, ɗaukar ta fita, kuma rabon da in ga fim ɗin da aka bar yarinya ta buɗe littafi a gaban kyamara har na manta. Nima na yi ƙwalla a wurin da take haɗa kayan da ya ba ta cikin leda.

Sai dai abin da mutane suka riƙa faɗa bayan sun gani ya fi fim ɗin tsaya mini a rai. A ɗakin malamai wani abokin aikina ya ce ana koya wa yara raina aure ne. Wata malama ta ce ita dai ta gode Allah da ta ga fim ya ƙare ba da ɗaurin aure ba. Maigidana ya dawo daga majalisarsu ya ce an kwashe dare ana cewa maza aka ci wa mutunci, wai kowane mai mota ya zama ɗan damfara ke nan. Maƙwabciyata mai suyar awara, da muka kalli ƙarshen tare, ko ɗaga kai ba ta yi daga kaskonta ba, cewa ta yi, "Likita? Da kuɗin wa?" Ɗalibaina kuwa kashi biyu suka rabu. Wasu sun ce ta burge su, wasu sun ce sa'a kawai ta yi, da ba a kama shi ba fa, ai da ta yi saki-na-dafe.

Sannan wata yarinya da ke zama a bencin ƙarshe, wadda sai a yi sati ban ji muryarta ba, ta ce, "Malama, ai ita ta ji daɗi, har tambayarta aka yi."

Ajin ya yi tsit. Ni ma na rasa ta cewa, na juya na ci gaba da zanen zuciyata. Wannan maganar ce ta haifi wasiƙar nan.

Kun ɗora fim ɗin gaba ɗaya a kan zaɓin yarinya 'yar shekara 17, kamar ita ke riƙe da wuƙa da nama. A gidajen da nake shiga, daga Jekadafari zuwa Bolari zuwa Pantami, ba haka abin yake tafiya ba. Yarinya tana iya cewa tana son wane, ana ma yawan jin ta bakinta yanzu fiye da zamaninmu. Amma ranar da za a sa, da abin da zai faru da karatunta bayan ranar, a zaure ake yanke su, tsakanin maza, tana can ƙuryar ɗaki tana leƙe ta labule. Kun tsare yarinya da tambayar da ba a ba ta ikon amsawa ba, kun bar uban da saurayin suna wucewa ta gefe. An bar jaki ana dukan taiki.

Uban ma da kuka nuna, wani ɗan tsoho ne mai cewa "Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri" ya ɗauki butarsa ya fice. Ku zo in nuna muku uba na gaske. Mutum ne da baki tara ko goma ke jiransa kullum. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, wato zuwa aji uku na ƙaramar sakandare. Daga nan fa sai abin da hali ya yi. Ko an ɗauke masa wani abu, akwai littafi, akwai inifom, akwai fom ɗin JAMB da kuɗin kafe ɗin intanet, akwai kuɗin Keke Napep safe da rana, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama wani abu daban. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 aka yanke a 2024, shi kuma wataƙila ko albashin ba ya da shi, buga-buga yake yi a Tashar Dukku. Ga maƙwabta na kirga masa shekarun 'yarsa. Ga tsoron abin kunya da ke hana shi barci duk ranar da ta yi yamma ba ta dawo ba. Sai ga yaro mai sana'a, ɗan mutunci, ya zo da iyayensa. Ku gaya mini tsakani da Allah, wane uba ne ba zai ji an sauke masa dutse daga ƙirji ba? Wannan mutumin ba azzalumi ba ne, kuma yana son 'yarsa. Shi ya kamata kyamara ta zauna a kan fuskarsa da daddare, yana lissafi da yatsu.

Inda kuka fi ba ni haushi shi ne mayar da saurayin ɗan damfara. Da kuka sa aka kama shi, kun sauƙaƙa wa kanku aiki, kun kuma ƙwace wa yarinyar ladan hukuncin da ta yanke. Mai kallo sai ya ce ai Allah ne ya tsare ta daga mugu, maganar karatu ta bi ruwa. Ɗalibaina da suka ce "da ba a kama shi ba fa" sun fi ku gaskiya. Yawancin samarin da ke zuwa zance ƙofar gidajen ɗalibaina ba 'yan damfara ba ne. Tela ne, mai shagon waya ne, malamin firamare ne, ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi. Suna sallah, suna gaida manya, suna son yaran da gaske, yaran ma suna son su da gaske. Kuma kusan babu wanda ke cewa "ko ni ko makaranta" gatsal haka. Wa zai faɗi wannan a gaban surukai? Abin da ake faɗa, wanda na ji da kunnena ya fi sau a ƙirga, shi ne: "Ba komai, za ta ƙarasa a ɗakinta."

A nan gizo ke saƙa, kuma nan ne ban taɓa ganin kun kai kyamara ba.

Ana faɗin maganar nan a zaure, kowa ya gyaɗa kai, a shafa fatiha, a raba goro da alawa. Ranar ɗaurin aure za a ambaci sadaki da babbar murya, a ce lakadan ba ajalan ba, shaidu su shaida. Alkawarin karatu kuwa ba mai ambatonsa, ba a rubuta shi ko a bayan katin gayyata ba. Shi ne ajalan ɗin da ba a sa masa rana ba. Alhali hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa sharuɗɗan da suka fi cancanta a cika su ne waɗanda aka ƙulla aure a kansu. Ba fatawa na zo bayarwa ba, wannan fagen malamai ne, amma ko a Hausance mun san alkawari kaya ne.

Yadda alkawarin ke mutuwa shi ne fim ɗin da nake so in gani. Ba ya mutuwa rana ɗaya, kuma ba mai ɗaga wa wani murya. Shekarar farko a ce amarya ce, ta ɗan huta tukuna, fom ai kullum ana sayarwa. Kafin a buɗe rajistar baɗi laulayi ya kama ta, ko ƙamshin girki ba ta so balle na littafi. Ta haihu, a yi wankan jego, a yi arba'in, a ce bari yaro ya yi ƙwari. Sakamakon JAMB ɗin da ta ci da kyau dama na shekara ɗaya ne, ya riga ya tashi aiki. Ana batun yaye sai ga wani cikin. Uwar miji ta ce ita fa ba ta ga abin da aka rasa a gidan nan ba da za a riƙa fita kullum ana cuɗanya da maza. Miji ya ce kasuwa ta yi nauyi bana, a bari sai an ga yadda kaka za ta yi. In ta sake tayar da maganar, ya ce wai ita ba ta godiya ne? Wata rana ƙanwarta ta kawo mata aikin gida na Kemistiri ta duba mata, ta riƙe takardar ta ga baƙaƙen sun zama baƙi a wurinta, ita da ke koya wa 'yan ajinsu. Daga ranar ita da kanta take daina maganar. Ku duba duk cikin labarin nan, babu mugu ko ɗaya, ba boka, ba ɗan sanda. Kowa yana da hujjarsa mai kyau. In marubuci na neman inda zai gwada gwanintarsa, ga wuri.

Ina da aminiya da muka yi aji ɗaya. Ta fi ni kai nesa ba kusa ba, ita ke yi mini bayanin lissafi a ƙarƙashin fitilar ƙwai. A wata ɗaya aka yi bikina da nata. Mijinta mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya zage ta ba, ya kai ta Makka, 'ya'yanta na makarantar kuɗi. In kun gan ta a wurin biki ba za ku ce tana da damuwa ba, kuma ba zan yi mata ƙarya in ce tana cikin wahala ba. Amma kwanaki a wani gidan suna muna zaune mu biyu ta ce mini har yanzu takan yi mafarki tana ɗakin jarrabawa, an raba takarda, ita kaɗai ba a ba ta ba. Ta faɗa tana dariya. Takardar sakamakonta na nan a ƙasan akwatin lefe, cikin leda, tare da atamfofin da ba ta ɗinka ba.

Ni kuma tawa ta zo daban, ba don na fi ta wayo ba. A 2001 aka yi mini aure, ina gama sakandare. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kira wanda zan aura a gaban yayyensa biyu ya sa shi ya maimaita alkawarin sau uku, ya ce in ya san ba zai iya ba ya faɗa tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin ya cika. Amma kada ku ɗauka cikawar ta zo da waƙa a lambu. Kullum da safe a bayan babur ɗinsa yake kai ni kwalejin ilimi kafin ya wuce wurin aiki. Abokansa suka sa masa suna mijin-ta-ce. A shekara ta biyu na haihu. Ƙanwarsa ce ke bina da yaron, ta zauna a gindin darbejiya bayan ɗakin lakca tare da sauran masu reno, in yaro ya fara kuka ta leƙo ta taga, in fita in ba shi nono in dawo an wuce ni shafi biyu. Na kwaso kari-oba har biyu a shekarar. Mun yi faɗa a kan tuwon dare da bai sauka da wuri ba, mun yi faɗa a kan kuɗin handawut. Akwai daren da ya ce shi fa ya gaji, a haƙura haka nan, na kwana ina kuka, da asuba na ji yana tayar da babur yana cewa in yi sauri kada in makara. NCE ɗin shekara uku sai da na yi huɗu. Digiri kuma daga baya na yi shi a lokutan dogon hutu, da goyo na uku.

In ana neman soyayya a fim, ni a wurina wannan tayar da babur ɗin da asuba ya fi duk turaren da saurayin fim ɗinku ya saya. Ban taɓa ganin kun nuna irin wannan namijin ba. Mazan majalisa da suka ce an ci musu mutunci suna da 'yar gaskiyarsu: kun ba su zaɓi tsakanin ɗan damfara da tsoho mai buta, ba ku nuna musu wanda za su so su zama ba.

Kuma ku yi mini haƙuri in tuna muku, hannunku ba a wanke yake ba a wannan magana. Shekara nawa kuka yi kuna nuna mana 'yar boko a matsayin mai gashin doki da taunar cingam, wadda ba ta iya dama koko ba, mai kallon uwar miji sama da ƙasa? Yaron da ya tashi yana kallon wannan tun yana firamare, yau shi ne ke zuwa zance. In ya ji gabansa na faɗuwa da an ce jami'a, ku tambayi kanku wa ya zana masa hoton. Shi ne kuma gobe zai tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa yana faɗa wai don me ba likita mace da za ta duba matarsa.

Ga abokin aikina da ya ce ana koya wa yara raina aure, da duk mai ganin karatun matar aure baƙon abu ne, amsar na cikin tarihinmu. Modibbo Buba Yero da ya kafa masarautar Gombe almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, daga hannunsa ya karɓo tuta. Shehun kuwa a cikin littafinsa Nurul Albab ya caccaki malaman da ke karantar da almajirai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kwatanta abin da yadda ake amfani da kayan aikin gida har su lalace a jefar. 'Yarsa Nana Asma'u matar aure ce, matar Waziri Giɗaɗo, uwar 'ya'ya, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'Yan Taru inda jajis, wato matan da ta horar su zama malamai, ke ɗaukar karatu su kai wa mata har ƙauyuka. Ta rasu a 1864. Aure da karatu a ɗaki ɗaya suka kwana a wurinta. Wannan rabewar da kuke yi, ko littafi ko miji, ba daga gidan Shehu aka gado ta ba.

Sai batun "bayan shekara bakwai". Da rubutu layi ɗaya kuka haɗiye duk wahalar. Ɗalibaina na kallo suna ɗauka da an mayar wa saurayi wayarsa shi ke nan sai farar riga. Ba ku nuna musu cewa sai ta haɗa kiredit biyar ba, Ingilishi da Lissafi da Fizik da Kemistiri da Bayoloji, a makarantar da wani lokacin ɗakin gwaje-gwajen sai ranar jarrabawa ake buɗe shi. Ba ku nuna ta a gaban kwamfuta ranar JAMB ba, tana neman maki mai tsoka cikin 400, ita da ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai satin da ya wuce. Ba ku nuna ranar da za ta duba ta ga an ba ta wani kwas ɗin da ba shi ta nema ba. Karatun likita shekara shida ne in komai ya tafi daidai, sannan shekarar sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. Komai kuwa ba ya tafiya daidai: yajin aikin malaman jami'a ya cinye kusan wata tara a 2020, ya sake cinye wata takwas a 2022. Na san ɗalibaina da aka ɗaura wa aure a cikin waɗannan watannin, don iyaye sun gaji da ganinsu zaune. Saurayin da aka ce ya jira shekara huɗu ya ga ta zama shida, shi ma mutum ne, yana da abin faɗa.

Kuma don me kullum sai likita? Kamar in ba ta zama likita ba karatun ya tashi a banza. A jihar nan akwai Jami'ar Jihar Gombe tun 2004, akwai ta tarayya a Kashere tun 2011, akwai kwalejin ilimi ta tarayya a cikin gari da ta jiha a Billiri, akwai makarantar koyon jinya da ungozoma, akwai ta kiwon lafiya a Kaltungo, ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN da matan aure da yawa ke samun sauƙi da ita. Muna alfahari da Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2014, da Amina Mohammed da ta zama Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Amma yarinyar bencin ƙarshe ba can take hange ba. In ta samu ta zama ungozoma a ƙaramin asibitin wani ƙauye a Nafada ko Balanga, ta iya gane jinin da ya wuce kima ta tura mace babban asibiti da wuri, ta gama wa garinsu komai. Wannan ba ta isa a yi fim a kanta ba?

Na san amsar da za ku ba ni. Fim kasuwanci ne, ba makaranta ba, in ba waƙa da mota da kishi mutane ba sa kallo, kuɗin da aka zuba sai an mayar. Ban musa ba, ban kuma ce ku koma yin wa'azi ba. Wa'azin ne ma ya ɓata ƙarshen wancan fim ɗin. Amma su wa ke kallonku? Matan da ke cikin gida ne, waya a jingine da robar omo suna wanki, ko ana tsinke zogale ana kallo. Kowace a cikinsu ko dai an yi mata wannan alkawarin, ko an yi wa yayarta, ko yanzu ake shirin yi wa 'yarta. Ku nuna mata kanta ku gani in za ta kashe. Kishi kuke so? Ku sa mijin ya ga lambar ɗan ajinsu a wayarta yana tambayar lokacin lakca. Rikicin uwar miji kuke so? Yana nan a shirye. Ba kuwa abin da hukumar tace finafinai za ta yanke a ciki.

Roƙona ke nan. Ku fara fim ɗin daga inda kuka saba rufewa. A kai amarya a minti goman farko, 'yan biki su watse, a wanke tukwane. Ku bar saurayin ya zama mutumin kirki, yarinyar ta so shi so na gaske, kada ku mayar da son da take yi masa wauta. Ku shiga zauren nan mu ji wa ya ce me. Sannan ku bi alkawarin wata bayan wata, mu ga ko zai rayu. In zai mutu, ku bar shi ya mutu yadda yake mutuwa a gidajenmu, a hankali, kowa yana murmushi. In zai rayu, ku nuna abin da ya ci wa mijin da matar da wadda ke riƙe musu yaro. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku zo kowace kwaleji a Gombe ko Bauchi ko Azare da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, ku zagaya bayan ɗakunan lakca, ku gaida masu reno da ke gindin bishiya, ku zauna ku saurara. Ba sai kun biya kowa kuɗin labari ba.

Yarinyar bencin ƙarshe an sa mata rana, sati biyu bayan takardar NECO ta ƙarshe. Ita ce ta biyu a ajina a zangon da ya wuce. Na ce ta turo mini wanda zai aure ta, ya kuwa zo, yaro mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni, yana da shagon kayan gini. Na yi masa maganar karatunta. Ya ce, "Ba komai Malama, za ta ƙarasa a ɗakinta." Na yago takarda daga littafin darasina na miƙa masa da biro, na ce to rubuta, ka sa shekarar da za ta sayi fom, ka sa hannu, mu kai wa babanta ya ajiye. Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, ya ce zai fara shawara da Hajiyarsa tukuna. Yau sati uku ke nan. Takardar na nan cikin aljihun teburina, ba a rubuta komai a kanta ba.

Wassalam. A gaida iyali.

Taku,
Wata malamar Bayoloji,
Gombe.